Kama da wane ba ta wane: Ganyen da aka kawo mini daga Ngojin

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen ƙwayoyi da allurai, mu leƙa bakin kududdufi, domin wani abu da ya faru a wurin aikina ya nuna mini akwai maganar da ta kamata mu yi da ku, musamman iyaye mata masu riƙe da tukunya.

A tsakiyar daminar da ta wuce wata dattijuwa daga Ngojin, a nan ƙaramar hukumar Potiskum, ta shigo kantin maganin da nake aiki riƙe da baƙar leda, jikanta ɗan shekara bakwai yana biye da ita. Bayan mun gaisa ta kwance ledar a kan tebur. Ciki wani ɗan tsiro ne kore shar, da sauran laka a saiwarsa. Kowane sili yana ɗauke da 'yan ganye huɗu da suka haɗa kai a tsakiya kamar fukafukan fanka.

Ta ce, "'Yar nan, an ce ke kin yi karatun magani. Duba mini wannan."

Na ce, "To Inna, a ina aka samo shi?"

Ta ce yaran gidan ne suka tumɓuko shi a bakin wani kududdufi da ke cika da damina a bayan gari. Tun da aka shigo da shi gida kowa yake faɗin albarkacin bakinsa. Maƙwabciyarta ta ce ganyen ci ne, a yi kwaɗonsa kamar tafasa. Wani dattijo a unguwar ya ce ai agugu ne, a dafa saiwar a ba wannan yaron, tunda kwana biyu ana ganin wasu fararen abubuwa masu motsi a bayan gidansa. Ɗanta kuma ya ɗauki hotonsa da waya har sau uku, manhajar gane tsirrai ta ba shi suna uku daban-daban.

Ta ce, "Shi ne na ce bari in tambaya tukuna, matambayi ba ya ɓata."

Na jinjina wa Inna a kan wannan, kuma dalilin rubutun nan ke nan. A 'yan shekarun nan da abinci da magani suka yi tsada, mutane sun ƙara komawa ga ganyen daji, har da mazauna birni da ba su taso suna tsinkar ganye ba. Tafasa, yaɗiya, rama, lalo, gasaya da zogale duk mun san su, iyayenmu sun ci, mu ma mun ci. Matsalar tana wurin ganyen da babu wanda ya san shi a gidan, amma aka ce ya yi kama da wani abu.

Wane irin dangi ne wannan?

Abin da Inna ta kawo yana cikin wani babban dangin tsirrai da Turawa ke kira fern. A wannan rubutu zan riƙa ce musu dangin agugu, domin agugu shi ne sunan da ya fi shahara a Hausa daga cikinsu. A duniya akwai irinsu fiye da 10,000, mafi yawa a ƙasashe masu ruwan sama da inuwa. A nan yankinmu da ruwa ke sauka wata uku zuwa huɗu kawai, ba su da yawa, kuma sukan ɓuya ne a bakin tafki, a fadama, a tsagin dutse, ko a jikin tsohuwar rijiya. Shi ya sa ko tsofaffinmu ba kowa ne ya san su ba.

Abin da ya raba su da sauran tsirran da muka saba gani shi ne ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba sa ƙwayar iri irin ta gero ko wake. Suna yaɗuwa ne da wata ƙura mai laushi da iska ko ruwa ke ɗauka. A yawancinsu, idan kuka juya bayan ganyen da ya ƙosa za ku ga ɗige-ɗige ko layuka masu ruwan ƙasa a jere. Mutane da yawa sukan ɗauka ƙwari ne ko cuta, alhali nan ne ma'ajiyar ƙurar irin. Alama ta biyu ita ce sabon ganye yakan fito a nannaɗe kamar gammo, sannan ya warware a hankali.

Wannan ya ishe ku ware su daga masu kama da su. Ganyen tsamiya, bagaruwa da zogale duk ƙanana ne a jere a jikin sili, har mai kallo daga nesa zai iya haɗa su da dangin agugu, amma dukkansu suna fure suna 'ya'ya. Duk tsiron da kuka ga fure a jikinsa, to ba ya cikin wannan dangi.

Yadda na bi na gane shi

A jami'a mun yi darasin magungunan da ake samu daga tsirrai, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne ganye kaɗai ba ya isa shaida. Don haka na wanke lakar na shimfiɗa tsiron gaba ɗaya a kan farar takarda.

Na ga jijiyarsa siririya ce tana rarrafe a kwance, tana sakin saiwa a kowace gaɓa. Na ga sababbin ganye biyu a nannaɗe. Babu fure ko alamar inda fure ya taɓa fitowa. Bayan ganyen kuma fes yake, babu ɗigon komai. Sai da na duba gindin silin, daf da jijiya, na ga wasu 'yan kwanso masu tauri, girmansu bai fi na masoro ba. A wannan tsiro nan ne ƙurar irin take ɓoye. Kwanson yakan fito idan ruwa ya fara janyewa, ya kwanta cikin busasshiyar laka har damina ta zagayo, kuma yana iya yin shekaru masu yawa bai mutu ba.

Waɗannan alamu tare, wato ganye huɗu, jijiya mai rarrafe, sabon ganye a nannaɗe, kwanso a gindi, da kuma wurin da ya tsiro, sun nuna ɗan gidan da masana ke kira Marsilea ne. Na tura hotuna ga wata abokiyar karatuna da ke koyar da ilimin tsirrai, ta ce haka ne, amma ta ƙara da cewa gidan Marsilea yana da 'ya'ya da dama a Afirka, kuma ba a raba su sai an sa kwanson a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ku lura da wannan. Mace mai digiri a fannin, da hoto mai kyau a gabanta, iyakarta ta faɗi sunan gidan. Manhajar waya kuwa ba ta jin nauyin ba ku cikakken suna, ko da kuskure ne, domin kamannin ganye kawai take kwatantawa da hotunan da aka ɗora mata, waɗanda yawancinsu daga wasu nahiyoyi aka ɗauko su. Akwai ma wata ciyawa mai ɗan tsami da ke fitowa a lambu da tukwanen fure mai suna Oxalis, wadda ake yawan rikita ta da Marsilea. Ita ganyenta uku ne masu siffar zuciya, kuma tana yin ɗan fure rawaya.

Agugu na gaskiya

Tambayar Inna ta farko ita ce ko wannan ne agugu. Amsar ita ce a'a. Wani likita ɗan Birtaniya da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. A ciki ya bayyana agugu a matsayin busasshiyar jijiyar wani tsiro na wannan dangi da ake sayarwa don maganin tsila, kuma ya ce ba a ƙasar Hausa yake tsirowa ba, kawo shi ake yi, galibi daga wajen Adamawa. A littafin akwai kuma mashin zomo, wani ɗan ƙaramin tsiro na wannan dangi mai ganye ɗaya da tsinke a tsaye kamar mashi. Wato kakanninmu sun bambanta su, kowanne da sunansa. Da ilimin ya fara zubewa sai sunan ya rage, ana liƙa shi a kan duk abin da ya yi kama.

To ko da a ce agugun gaskiya ne, shin za a ba yaro? Bari in ba ku tarihin ɗan'uwansa na Turai, wanda masana ke kira Dryopteris filix-mas, wanda Dalziel ya kwatanta agugu da shi. Tun zamanin Girkawan da ake amfani da jijiyarsa wajen fitar da tsila. A 1775 Sarkin Faransa Louis na 16 ya biya kuɗi mai tsoka ya sayi sirrin wani maganin tsila daga hannun wata mata 'yar Suwizalan, da aka bayyana sirrin ashe garin wannan jijiya ne. Daga baya masu haɗa magunguna suka riƙa tatso mansa, asibitoci suna ba da shi har tsakiyar ƙarni na 20. Yana aiki ƙwarai, domin yana sanƙarar da tsilar, sai a bi shi da maganin wankin ciki a fitar da ita.

Amma tazarar da ke tsakanin awon da ke kashe tsila da awon da ke illata mutum 'yar kaɗan ce. Waɗanda ya yi wa yawa sun yi amai da gudawa, wasu idonsu ya yi rawaya, wasu suka yi jijjiga, wasu suka makance, wasu kuma suka rasa ransu. An kuma gano cewa mai ko abinci mai maiƙo yana sa hanji ya ƙara zuƙar gubar, har aka hana haɗa shi da man zurma. Wannan fa a asibiti ke nan, inda ake aunawa da ma'auni. Ina ga jiƙo ko dafuwar gida, inda babu wanda ya san yawan abin da ke cikin kofi ɗaya? Da aka samu niclosamide wajen 1960, sannan praziquantel a shekarun 1970, likitoci suka ajiye shi gaba ɗaya.

Ba ina raina maganin gargajiya ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sayarwa kullum, asalinsa daga wani ɗan'uwan tazargade aka samo shi a ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da ya mai da shi maganin da za a amince da shi shi ne an san ainihin tsiron, an san sinadarin da ke cikinsa, an kuma san awonsa. Inda aka rasa ɗaya daga cikin ukun nan, caca ake yi da lafiyar mutum.

"Ai a wata ƙasa ana ci"

Tambaya ta biyu ita ce ta kwaɗo. Ɗan Inna ya karanta a waya cewa a Indiya ana cin Marsilea, kuma gaskiya ne, a yankin Bengal ana dafa ganyen wani irinsa a matsayin kayan miya. Amma akwai wani labari na gidan Marsilea ɗin da ya kamata a haɗa da wannan.

A 1860 wasu Turawa ƙarƙashin jagorancin Robert Burke da William Wills suka tashi daga birnin Melbourne don ratsa nahiyar Ostireliya daga kudu zuwa arewa. A hanyar dawowa guzuri ya ƙare musu a wani wuri mai suna Cooper Creek. Mutanen asalin wurin suna cin kwanson wani irin Marsilea da suke kira nardoo, sun kuma ba baƙin sun ci. Da baƙin suka zauna su kaɗai, sai suka ci gaba da tsinto kwanson suna daka shi suna ci. Cikinsu yana cika, amma ƙarfinsu yana ta raguwa har suka kasa tafiya. Burke da Wills suka mutu a tsakiyar 1861. Ɗaya daga cikinsu, John King, ya tsira ne saboda mutanen wurin sun ɗauke shi sun riƙe shi.

Daga baya bincike ya nuna nardoo yana ɗauke da wani sinadari mai suna tayaminas, wanda ke lalata bitamin B1 a jiki. Idan babu wannan bitamin jiki ba ya iya mai da abinci ƙarfi, ƙafafu su mutu, zuciya ta raunana. Masana da dama suna ganin wannan yana cikin abin da ya ƙarasa mutanen biyu, a kan yunwar da suke ciki. 'Yan ƙasar sun san yadda ake sarrafa shi da wuta da ruwa kafin a ci, baƙin kuwa tsiron kawai suka koya, ba su koyi aikinsa ba. Mu ma muna da misalin haka a gida. Rogo mai ɗaci abinci ne idan an jiƙa shi an sarrafa shi yadda ya kamata, amma yana kisa idan aka ci shi haka nan.

Akwai kuma wani babba a dangin, Pteridium aquilinum, mai faffaɗan ganye da ke kai ƙugun mutum ko fiye, wanda a Najeriya ake samunsa a wurare masu tudu da sanyi irin Mambila. Shanun da suka daɗe suna cin sa sukan yi fitsarin jini da ƙari a mafitsara. A 1983 masana a Japan suka ware sinadarin da ke jawo haka, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa tsiron cikin jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Duk da haka mutanen Japan da Koriya suna cin ɗanyen tohonsa, amma sai sun tafasa shi, wasu da toka, sun jiƙa shi sun zubar da ruwan. Ko irin da aka yarda ana ci a Amurka da Kanada, a 1994 ya kwantar da mutane da amai da gudawa a jihar New York da yammacin Kanada, saboda an ba su shi bai dahu sosai ba.

Don haka jin cewa ana ci a wata ƙasa bai isa ba. Sai an san wane iri ne daga cikin dangin, wane ɓangarensa ake ci, kuma yaya ake sarrafa shi.

Ruwan da ya tsiro a ciki

Ko da tsiron ba shi da guba, wurin da ya fito abin dubawa ne. Kududdufin bayan gari shi ne mashayar dabbobi, nan ruwan sama ke wanko ƙazanta da maganin feshin gona. Tsutsar hanta da ke damun shanu da tumaki tana manne wa ganyen da ke cikin ruwa, kuma mutum yana kamuwa da ita idan ya ci ganyen ɗanye ko bai dahu ba. Yaran da suka shiga ruwan don tumɓuko shi kuma suna iya ɗaukar tsargiya, domin tsutsarta ta fata take shiga. Idan kuka ga yaro yana fitsarin jini bayan damina, kada a ce alamar girma ce, a kai shi a auna fitsarin.

Idan kun ci karo da tsiron da ba ku sani ba

Da farko kada a ɗanɗana. Rashin ɗaci ba ya nuna rashin guba, haka ma ganin akuya tana ci, domin cikinta da namu ba ɗaya ba ne. Wasu gubobin kuma, kamar yadda muka gani, ba sa nuna kansu a rana ɗaya.

A ciro tsiron gaba ɗaya da saiwarsa, a samu wanda ya ƙosa da wanda yake sabon toho. A duba bayan ganyen da gindin silin. A lura da inda ya tsiro: cikin ruwa ne, a kan dutse, a jikin bango, ko a jikin bishiya? A inuwa ko a rana? A wane wata? Idan za a ɗauki hoto, a ɗauki gaba da bayan ganyen, da saiwar, da wurin da ya fito, a ajiye tsinken ashana a gefe don mai dubawa ya gane girmansa.

Idan wanda za a nuna wa yana nesa, a shimfiɗa tsiron tsakanin tsofaffin jaridu, a ɗora abu mai nauyi a kai, a riƙa sauya takardar kullum har ya bushe. A rubuta sunan wurin da ranar da aka ciro shi. Haka masana suke adana nasu. Sashen ilimin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da ɗakin ajiyar busassun tsirrai da ake kwatanta sabon samfuri da su, haka ma Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. A kusa da mu akwai malaman kimiyyar halittu a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ga kuma malaman gona da ma'aikatan gandun daji na ƙananan hukumomi.

Kada kuma a manta da masana na gida. Tsofaffin mata, makiyaya da masu magani na gado sun san daji fiye da mu 'yan boko. Sai dai a tambaye su abu uku. Mene ne sunansa? Ku da kanku kun taɓa ci ko kun taɓa ba naku? Yaya ake sarrafa shi? Wanda ya san abu zai amsa ukun nan ba tare da in-ina ba. Wanda ya ce "kamar dai wane ne" ko "na ji an ce", to shi ma baƙo ne a wurin tsiron. A tambayi mutum biyu ko uku a rarrabe. Idan bakinsu bai zo ɗaya ba, kamar yadda ya faru a gidan Inna, a bar shi.

Busasshiyar jijiya ko garin magani da ake tallarsa a kasuwa ya fi wannan wuyar sha'ani, domin da zarar an busar an daka, ni kaina ba zan iya gaya muku abin da ke ciki da ido ba. Masu juna biyu, masu shayarwa, ƙananan yara da masu ciwon hanta ko ƙoda su ne suka fi shiga haɗari, su ne kuma ya kamata a fi nesanta su da irin wannan gwaji.

Idan an riga an ci ko an sha

Kada a sa wa mutum yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a ɗura masa manja ko madara. Na san al'adarmu ce da zarar an ce guba a ruga neman manja, amma a wannan dangi mai yana iya ƙara shigar da gubar cikin jini, ga kuma haɗarin ya sarƙe ya shiga huhu. A tafi asibiti da sauran tsiron, da tukunyar ko kofin da aka sha da shi, a faɗi lokacin da aka sha da kimanin yawansa. A faɗi gaskiya, ba wanda zai kama ku. Idan akwai amai ba tsayawa, jiri, gani dishi-dishi, jijjiga, rawayar ido, ko yaro ya yi laushi yana ta barci, kada a jira gari ya waye.

Yaya aka ƙare da yaron?

Na ce wa Inna, "Wannan tsiron a zubar da shi, a kuma hana yara shiga ruwan. Shi kuma maigidan naki a kai bayan gidansa a auna." Dalili shi ne fararen abubuwa a bayan gida ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙananan tsutsotsi kamar guntun zare masu sa ƙaiƙayin dubura da dare, akwai kuma gaɓoɓin tsila masu faɗi kamar yankan taliya. Maganinsu ya bambanta, kuma ƙwaya ɗaya ta tsutsar ciki da aka saba ba yara ba lallai ta fitar da tsila ba.

Bayan kwana biyu suka dawo da sakamako da takardar likita. Tsila ce. Na auna nauyin yaron na ba shi praziquantel daidai da abin da aka rubuta, sha ɗaya kawai. Na kuma yi wa Inna bayani cewa irin wannan tsila daga naman shanun da bai dahu ba ake samun ta, kuma a cikin hanji takan kai mita 5 ko fiye. A gari irin Potiskum da Allah Ya hore wa kasuwar shanu, nama ba ya yanke mana, don haka a kula tsire da balangu su gasu har ciki, kada a ba yara mai sauran ja a tsakiya. A kuma daina bayan gida a fili, domin daga nan ne shanu ke ɗaukar ƙwan tsilar a ciyawa, ta sake dawowa gare mu.

Da za su tafi Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "To shi dattijon da ya ce agugu ne, me zan ce masa?" Na ce, "Ki ce masa an gode, Inna. Cutar da ya faɗa ita ce, tsiron ne bai dace ba." Ta yi dariya ta ce za ta faɗa masa haka.

Ku ma masu karatu, idan damina ta sauka yara suka shigo da baƙon ganye, ko wani ya miƙo muku jijiya ya ce sha yanzu magani yanzu, ku ajiye shi a gefe ku tambaya tukuna. Mai haɗa magunguna na unguwarku ba zai karɓi ko kwabo don ya duba muku ba, idan kuma abin ya fi ƙarfinsa zai nuna muku inda za ku.